Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Gajerun Katun na Da

Da wuya ka sami wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin, ko yake da waya a hannu, da bai taɓa ganin kyanwa Tom tana bin ɓera Jerry ba. Iyaye sun kalla, yanzu kuma 'ya'yansu suna kallo. Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin katun suka fi yi game da asalinsu, da waɗanda suka zana su, da abin da ya sa aka daina yin irinsu.

Waɗanne ne ake kira gajerun katun na da?

Su ne finafinan zane masu tsawon minti shida zuwa takwas da kamfanonin Amurka suka riƙa yi domin gidajen sinima, daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa shekarun 1960. Lokacin da suka fi tashe shi ne tsakanin 1940 da tsakiyar shekarun 1950. A cikinsu akwai Mickey Mouse da Donald Duck na Disney, da Bugs Bunny da Daffy Duck na Warner Bros., da Tom da Jerry na MGM, da Popeye mai cin alayyafo na 'yan uwa biyu, Max da Dave Fleischer, da Woody Woodpecker na Walter Lantz.

Gajartarsu tana da dalili. Faifan fim guda na wancan zamani yana ɗaukar ƙafa 1,000, wato kimanin minti 11, kuma dole katun ya shiga faifai ɗaya. Bayan haka ga tsada: duk daƙiƙar da aka ƙara, sai an biya wanda zai zana ta.

Ashe ba don yara aka yi su ba?

A'a. Wanda ya sayi tikitin sinima a Amurka a 1945 ba fim ɗaya yake kallo ba. Ana fara nuna masa labaran duniya a majigi, da tallan finafinai masu zuwa, da katun, sannan babban fim. Zauren cike yake da manya, magidanta da sojoji da ma'aikata, yara kuma suna ciki. Shi ya sa za ka ga ana tsokanar 'yan siyasa da taurarin Hollywood, ana habaici kan tsadar nama da ƙarancin man fetur a lokacin yaƙi, abubuwan da yaro ba ya ganewa.

Har hukumar tace finafinai sai da ta sa musu ido. Da aka tsaurara dokar ɗa'a a 1934, an tilasta wa kamfanin Fleischer ya tsawaita rigar Betty Boop ya kuma rage mata rawar kai. Talabijin ce ta mayar da su abin yara daga baya, lokacin da aka riƙa saka su da safiyar Asabar. Akwai bayanin haka a amsar da ta yi magana kan abin da ya kashe su.

Walt Disney ne ya fara yin katun?

Ba shi ya fara ba. An yi shekaru fiye da ashirin ana zane mai motsi kafin Mickey, kuma a shekarun 1920 kyanwa Felix ce tauraruwa. Abin da Disney ya yi shi ne daidaita sauti da motsi yadda ya burge jama'a, a fim ɗin Steamboat Willie da aka fara nunawa a New York ranar 18 ga Nuwamba, 1928. Mafi yawan zanen ma abokin aikinsa Ub Iwerks ne ya yi shi. A 1932 kamfaninsa ya fitar da Flowers and Trees da cikakken launi na Technicolor, kuma shi ne katun na farko da ya sami lambar yabo ta Oscar.

Kuɗin da Disney ya riƙa zubawa wajen horar da ma'aikatansa su iya zana nauyin jiki da halin mutum shi ya ɗaga darajar sana'ar baki ɗaya. Amma bayan Snow White a 1937 hankalinsa ya koma kan dogayen finafinai, sai gajerun suka zama filin wasu.

Yaya ake haɗa katun guda kafin zuwan kwamfuta?

Majigin sinima yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Katun mai minti bakwai yana da hoto 10,080 ke nan, kuma kowane ɗaya sai an ɗauke shi da kyamara shi kaɗai. Domin rage aiki, sau da yawa akan ɗauki zane ɗaya sau biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa, amma inda gudu ya yi tsanani sai an cika 24 ɗin.

Ana fara tsara labari da ƙananan zane da ake mannawa a allo, a yi ta gardama a kansu. Idan akwai magana, ita ake fara naɗa. Daga nan darakta ya ɗauki doguwar takarda mai layuka, kowane layi hoto ɗaya ne, ya rubuta inda ƙafa za ta taɓa ƙasa da inda guduma za ta sauka. Babban mai zane yana zaune gaban tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashinsa. Takardunsa suna da huda a gefe, a soke suke a kan ƙusoshi don kada su goce. Yakan zana farkon motsi da ƙarshensa, ya riƙe takardu huɗu ko biyar tsakanin yatsunsa yana kaɗa su gaba da baya, yana duba ko motsin ya rayu. Mataimaka su gyara layi, masu cike gurbi su zana abin da ke tsakani.

Sai a kwafi kowane zane da tawada a kan wata leda mai kauri da ake gani ta cikinta, wadda suke kira sel, dabarar da Earl Hurd ya yi wa rajista a 1914. A juya bayanta a shafa fenti, a bar shi ya bushe. A shimfiɗa ta kan zanen ɗaki ko daji, a danne da gilashi, mai kyamara ya ɗauki hoto ɗaya, ya cire, ya sa ta gaba. Ƙura guda ko shatin yatsa yana iya fitowa a allon sinima, shi ya sa suke aiki da safar hannu. A shekarun farko, idan an gama ɗauka sai a wanke ledar a sake amfani da ita, kuma da wannan wankin ne Chuck Jones, wanda daga baya ya zama darakta a Warner, ya fara sana'a.

Su wane ne suka yi wannan aikin, kuma an biya su haƙƙinsu?

Sunayen da ke fitowa a farkon fim ba su kai rabin rabin masu aikin ba. Sashen tawada da fenti kusan dukkansa mata ne, su ne mafiya ƙarancin albashi, kuma ba a rubuta sunayensu. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Disney yana amsa wa matan da suka nemi aikin zana motsi cewa wannan aikin samari ne. Duk da haka wasu sun kutsa: Lillian Friedman ta zama mai zana motsi a Fleischer a shekarun 1930, Retta Scott kuma sunanta ya fito a Bambi a 1942.

An yi yajin aiki a Fleischer a 1937. Wanda ya fi girgiza sana'ar shi ne na Disney da ya fara a ƙarshen Mayun 1941, bayan an kori Art Babbitt, ɗaya daga cikin manyan masu zanen kamfanin, saboda shigarsa ƙungiyar ƙwadago. An shafe makonni ana yi, daga ƙarshe kamfanin ya amince da ƙungiyar, amma zumuncin da ke tsakanin Walt da ma'aikatansa bai koma kamar da ba. Da yawa sun tafi, kuma daga cikinsu ne aka sami waɗanda suka sauya salon zane, kamar yadda zai zo a gaba, a amsar da ta shafi kamfanin katun na UPA.

Wa ya ƙirƙiro Tom da Jerry?

William Hanna da Joseph Barbera, a kamfanin MGM. Na farko ya fito a 1940 da suna Puss Gets the Boot, kuma a cikinsa sunan kyanwar Jasper. Abokan aikinsu ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, don labarin kyanwa da ɓera ya riga ya tsufa tun a lokacin. Sai ga shi an zaɓe shi cikin masu takarar Oscar. Daga 1940 zuwa 1958 an fitar da guda 114 da suka yi, bakwai daga ciki suka ci Oscar.

Sun raba aiki ne gwargwadon baiwar kowa. Barbera yana tsara labari da zanen barkwanci, Hanna kuma yana auna lokaci. Ihun nan mai tsawo da Tom yake yi idan an datse masa wutsiya, muryar Hanna ce da kansa. Amma a wajen bikin Oscar, furodusa Fred Quimby ne yake hawa dandamali ya karɓi lambar, shi da ba ya zane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai bayan ya yi ritaya a 1955 ne sunayensu suka fara fitowa a matsayin furodusoshi.

Me ya sa wasu Tom da Jerry ba sa kama da sauran?

Saboda hannu daban-daban ne suka zana su. Bayan MGM ta rufe sashen katun a 1957, ta ga har yanzu jama'a suna so, sai aka ba Gene Deitch aikin a birnin Prague, cikin ƙasar Chekoslobakiya ta wancan lokaci. Ya yi guda 13 a 1961 da 1962 da kuɗi kaɗan, da ma'aikatan da ba su saba da irin wannan barkwanci ba. Su ne waɗanda sautinsu yake amsa kuwwa, motsinsu yake fizga, kuma ubangidan Tom wani mutum ne mai zafin rai. Saboda zaman doya da manja tsakanin Amurka da ƙasashen kwaminisanci, har sunayen wasu ma'aikatan aka sauya a rubuce don kada a gane inda aka yi aikin.

Daga 1963 zuwa 1967 Chuck Jones ya yi guda 34. Nasa Tom yana da gira mai kauri, Jerry kuma manyan kunnuwa da idanu. Akwai kuma na talabijin na 1975, inda aka mayar da su abokai, Jerry yana ɗaure da jan ƙyalle a wuya. A ganina wanda yake son sanin dalilin shaharar wannan katun ya nemi na tsakanin 1943 da 1953. A nan jikin Tom yake da nauyi, kuma kafin a buge shi kana ganin tunaninsa a fuskarsa.

Mene ne bambancin katun na Warner da na Disney?

Disney yana son kyau da tausayi, yana so ka manta cewa zane kake kallo. 'Yan Warner suna so ka tuna. Ba su da kuɗin Disney, kuma maigidansu Leon Schlesinger ba ruwansa da abin da suka zana muddin an gama a kan lokaci kuma ba a wuce kasafi ba. Wani tsohon gini da suka zauna a ciki ma suna kiransa da sunan da ke nufin gidan gara. Rashin sa idon nan ya ba su sarari. Tex Avery ya fito da Daffy Duck a 1937 da Bugs Bunny yadda aka san shi a 1940. Bob Clampett ya fito da Tweety, Friz Freleng ya haɗa shi da kyanwa Sylvester a 1947, abin da ya kawo wa Warner Oscar ta farko a wannan fanni.

A Duck Amuck na Chuck Jones, 1953, Daffy ya fito da takobi zai yi faɗa, sai ya waiga ya ga babu komai a bayansa sai farar takarda. Ya nemi a zana masa wuri, aka zana gona. Ya sauya kaya ya ɗauko fartanya, aka mayar da wurin ƙanƙara. Aka ɗauke masa murya, aka goge jikinsa, aka sake zana shi da siffar da ba tasa ba, yana ta masifa da hannun da ba ya gani. Duk abin da aka cire masa, ka san Daffy ne, domin halinsa bai tafi ba. Ban san wani fim mai minti bakwai da ya fi wannan nuna ƙarfin sana'ar ba.

Bahaushe ba zai ga Bugs Bunny baƙo ba, don ya san Gizo a tatsuniya: ƙaramin da ba shi da ƙarfi sai wayo. Sai dai Jones ya kafa masa ƙa'ida, cewa ba ya fara tsokana, sai an zo har bakin raminsa an taɓa shi.

Ta yaya suke ba da dariya alhali kusan ba a magana?

Sirrin yana cikin awon lokaci. Duba katun ɗin Road Runner, wanda Jones da marubuci Michael Maltese suka fara a 1949. Wile E. Coyote, wani karen daji ɗan uwan dila, ya biyo tsuntsu da gudu har ya wuce bakin dutse. Ba ya faɗuwa nan take. Yana tsaye a iska, ƙurar da ya tayar ta lafa, ya miƙa ƙafa ya laluba ƙasa bai ji komai ba, ya dubi ƙasa, ya dube mu. Sannan jikinsa ya tafi, wuyansa ya miƙe, kai ya bi daga baya. Kyamara ta koma sama tana kallonsa yana ƙanƙancewa har ya ɓace. A yi shiru na ɗan lokaci, sai ƙura 'yar kaɗan ta tashi can ƙasa. Idan aka rage wannan shirun da hotuna kaɗan ko aka ƙara, dariyar ta mutu, kuma darakta ya ƙidaya shi a takarda tun kafin a zana komai.

Kiɗa shi ne ɗaya rabin. Carl Stalling, wanda ya fara da kaɗa wa finafinan da ba su da sauti kiɗa a gidan sinima a Kansas City, ya yi wa Warner aiki daga 1936 zuwa 1958, kusan katun ɗaya kowane mako, da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan kamfanin. Scott Bradley ya yi wa MGM irin wannan. A The Cat Concerto, Tom yana kaɗa fiyano a gaban jama'a, Jerry kuma yana barci a cikin fiyanon, gudumomin ciki suna wurgi da shi. Duk faɗan da suka yi bai tsayar da kiɗan Franz Liszt ba, kowane mari ya faɗi a kan bugunsa. A daidai lokacin Freleng ya yi wani da Bugs Bunny a kan kiɗa ɗaya da labari kusan ɗaya, har kamfanonin biyu suka zargi juna da sata. Na MGM ne ya ci Oscar.

Rashin maganar ne ya sa suka ƙetare iyakoki ba tare da tafinta ba. Yaro a Zinder da yaro a Kumasi suna dariya a wuri guda.

Mutum ɗaya ne yake yin duk muryoyin?

A Warner, kusan haka ne. Mel Blanc ne Bugs da Daffy da Porky da Tweety da Sylvester, kuma ya ci gaba da yi har rasuwarsa a 1989. Daga 1944 yarjejeniyarsa ta sa sunansa yake fitowa a allo, wanda ya jawo aka riƙa zaton shi kaɗai ne. Arthur Q. Bryan ne muryar maharbi Elmer Fudd, June Foray da Bea Benaderet kuma sun yi muryoyin mata da yawa ba tare da an ambace su ba.

Wace rawa suka taka a Yaƙin Duniya na Biyu?

Sun shiga farfaganda gadan-gadan. A 1942 gwamnatin Amurka ta sa Disney ya yi fim inda Donald Duck yake kwaɗaitar da mutane biyan haraji. Der Fuehrer's Face, wanda ya nuna Donald yana mafarkin aikin bauta a masana'antar makaman Hitler, ya ci Oscar a 1943. Warner ta yi wa sojoji jerin Private Snafu daga 1943 zuwa 1945, inda wani soja wawa yake yin duk abin da aka hana don a ga sakamakonsa, kamar sakin baki da sirri ko ƙin shiga gidan sauro. A finafinan wannan lokaci an zana Japanawa da siffofin wulaƙanci, kuma yawancinsu ba a nuna su a talabijin yanzu.

Gaskiya ne akwai wariyar launin fata a cikinsu?

Gaskiya ne, kuma ba kaɗan ba. An zana baƙar fata da manyan leɓɓa, malalata, matsorata, masu caca. An zana 'yan Afirka da ƙashi a gashi suna dafa baƙo a tukunya, kamar a Jungle Jitters na 1938. Wannan ya samo asali daga wasannin dandamali na Amurka inda fararen fata suke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi. A 1968 kamfanin United Artists, wanda ke riƙe da tsofaffin katun na Warner a lokacin, ya janye guda 11 daga nunawa saboda wannan.

A Tom da Jerry akwai matar nan mai jiki da ba a cika ganin fuskarta ba, sai ƙafafu da silifas da tsintsiya. Lillian Randolph ce muryarta, kuma an gina ta ne a kan tsohuwar siffar baƙar mace mai aikatau a gidan Bature. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka ta NAACP ta yi ƙorafi, kuma fitowarta ta ƙarshe a 1952 ce. A shekarun 1960 an sake zana wasu wuraren aka mayar da ita farar mace, daga baya kuma aka sauya mata murya a wasu kwafin. Akwai kuma wuraren da bam yake fashewa a fuskar Tom ya koma siffar izgili ga baƙar fata, waɗanda tashoshi da yawa suke yankewa.

Ra'ayina shi ne a adana su yadda suke, a nuna wa manya tare da bayani, kamar yadda Warner ta yi a wasu fayafayanta inda 'yar wasan fim baƙar fata Whoopi Goldberg take gabatarwa. Mu da aka zana bai kamata a ɓoye mana yadda aka zana mu ba. Ƙananan yara kuwa, a zaɓar musu.

Me ya sa zanen shekarun 1950 ya koma shafaffe, ba zurfi?

Tasirin kamfanin UPA ne, wanda tsofaffin ma'aikatan Disney irin su Stephen Bosustow da John Hubley suka gina bayan yajin aikin 1941. Sun gaji da dabbobi masu magana da kwaikwayon zahiri. Suka koma zana mutane da layuka kaɗan, ɗaki ya zama launi ɗaya da ƙofa da fitila kawai. Mr. Magoo, tsohon da ba ya gani sosai, ya fito a 1949, Gerald McBoing-Boing na 1950 kuma ya ci Oscar. Cikin 'yan shekaru kowa ya ɗauki salon, har Disney. Su UPA don fasaha suka rage zane, amma masu kuɗi sun lura cewa hanyar tana da araha.

To me ya kashe su?

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko shari'a. A da, manyan kamfanoni su ke da gidajen sinima da yawa, sauran masu sinima kuma ana tilasta musu su ɗauki kaya a dunƙule: idan kana son babban fim, sai ka haɗa da ƙanana da katun. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wannan a shari'ar da gwamnati ta yi da Paramount da sauransu. Daga nan mai sinima ya sami damar cewa ba zai biya wa katun sai 'yan daloli ba, tunda ba don shi mutane suke sayen tikiti ba.

Na biyu talabijin. A 1950 gidajen Amurka masu talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba, a 1960 sun kusa tara cikin goma, sinima ta rasa jama'a. Na uku tsadar aiki, wadda ta yi ta hawa. MGM ta gano cewa idan ta sake fitar da tsohon Tom da Jerry tana samun kusan abin da sabo zai kawo, sai ta rufe sashen a 1957. Mickey ya riga ya daina fitowa a gajeru tun 1953. Warner ta rufe nata a 1963, ta ɗan sake gwadawa, ta haƙura a 1969. Paramount ta rufe a 1967, Walter Lantz ya jure har 1972.

Hanna da Barbera suka buɗe kamfaninsu a 1957 suka fuskanci talabijin. Mutanen da suka saba kashe dala dubu talatin da wani abu a kan minti bakwai, sai ga su da kimanin dala 3,000 a kan minti biyar. Dole suka tsayar da jiki cak, baki kawai yake motsi, bango ɗaya yana ta maimaituwa a bayan mai gudu, magana ta maye gurbin motsi. Ta haka aka sami Huckleberry Hound a 1958 da The Flintstones a 1960. Sun ceci ayyukan ɗaruruwan masu zane, amma awon lokacin da aka bayyana a sama bai sami wuri a wannan kasafi ba.

Amurka ce kaɗai ta yi irin waɗannan finafinai? Afirka fa?

Ba ita kaɗai ba ce. An kafa Soyuzmultfilm a Mosko a 1936, kuma a 1969 ta fara jerin Nu, pogodi!, inda kyarkeci yake bin zomo. A Kanada, Norman McLaren yana zane kai tsaye a jikin faifan fim. A Zagreb, Dušan Vukotić ya yi Surogat a 1961, katun na farko daga wajen Amurka da ya ci Oscar. A Shanghai sun motsa zanen tawada irin na gargajiyar Sin. A Masar 'yan uwan Frenkel sun fito da Mish Mish Effendi tun shekarun 1930.

Mu ma muna da namu, kuma abin takaici ne yadda ba a san shi ba a wannan ɓangaren iyaka. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, makanike ne da ya fara da nuna wa mutane wasan inuwa da fitila. Ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya finafinai, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da McLaren. Ya yi La Mort de Gandji a 1965, wanda ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ce kuma ya yi Bon Voyage Sim, fim na kimanin minti biyar a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da jawabai, yana zolayar sababbin shugabannin Afirka. Daga baya ya zauna a Tawa yana aiki da 'yan tsana da ya haɗa da hannunsa, har ya yi fim a kan kokawar gargajiya. Abin da ɗaruruwan ma'aikata suke yi a Kalifoniya, shi yana yi da mutane ƙalilan.

Duka da fashe-fashen da ke ciki ba za su ɓata yara ba?

An daɗe ana wannan muhawara a Amurka, kuma ita ce ta sa aka yi Tom da Jerry na 1975 da ba sa faɗa. Babu jini a tsofaffin, wanda aka daka yakan miƙe nan take. Amma akwai bindiga da wuƙa da ashana da sigari, da wasu na Tex Avery da aka yi su musamman don manyan maza. Yaron da bai kai ya bambance zane da zahiri ba, a zauna tare da shi, kuma a duba amsar da ta shafi launin fata kafin a miƙa masa waya da tarin katun da ba a tantance ba.

Wa ya mallake su yanzu, kuma me ya sa kwafin da ke yawo ba su da kyau?

Sun sha sauya hannu. Warner ta sayar da tsofaffin nata a tsakiyar shekarun 1950 ga masu rarraba wa talabijin, domin ba ta zaci suna da sauran daraja ba. A 1986 Ted Turner, wani mai tashoshin talabijin a Amurka, ya sayi taskar finafinan MGM, wadda ta haɗa da Tom da Jerry da waɗancan na Warner, kuma da su ya buɗe Cartoon Network a 1992. A 1996 kamfaninsa ya haɗe da Time Warner, wanda ke riƙe da Warner a lokacin, shi ya sa Tom da Bugs suke gida ɗaya a yau. Disney ba ta taɓa sakin nata ba. Haƙƙin mallakar Steamboat Willie ya ƙare a Amurka ranar 1 ga Janairun 2024 bayan shekara 95, amma wannan ya shafi Mickey na 1928 ne kawai. Wasu kuma, kamar Superman na Fleischer da aka fara a 1941, sun zama na kowa tun da daɗewa saboda ba a sabunta rajistarsu ba.

Kwafin da ake turawa a waya yawanci daga tsohon kaset ko daga talabijin aka ɗauko su. Launi ya kodɗe, an yanke sama da ƙasa don hoton ya cika allo mai faɗi, wasu ma an ƙara musu sauri ko an juya su don su tsere wa masu sa ido kan haƙƙin mallaka a YouTube. Akasarin na kafin 1954 siffar hotonsu ta kusa murabba'i, don haka idan ka ga baƙin fili a dama da hagu, alama ce ba a taɓa hoton ba. Kwafin da ya fara da cikakken allon sunaye, da zakin MGM ko da'irorin Warner, kuma ya kai minti shida zuwa takwas, shi ya fi kusa da abin da aka nuna a sinima.